LAUSHI KO SAUƘI? ASALIN WATA KALMAR TURANCI DA TA ISO FADAMAR KALGO

Wata rana a farkon rani, lokacin da manoman fadama suke shirin zuba irin shinkafa, na halarci wani taro da aka yi a gindin wata tsamiya a gefen garin Kalgo. An tara manoma ne don a karanta musu wata takarda da ta zo daga birni, wadda aka rubuta da Turanci, aka kuma ɗora wa wani matashin ma'aikaci nauyin fassara ta. Yaron ya yi ƙoƙari ƙwarai, yana karantawa yana juyawa, har ya iso inda aka rubuta waɗansu kalmomi biyu, "soft loan". Sai ya yi jim, ya dubi takarda, ya dubi jama'a, sa'an nan ya ce za a ba su bashi mai laushi.

Wani dattijo da ke zaune bisa buzu a sahun gaba ya gyara rawaninsa, ya ce, "Yaro, mu dai mun san laushin gari, mun san tabshin nama. Wanga bashi da kac ce mai laushi na, ana biyanai ko ba a biyanai?"

Jama'a suka bushe da dariya. Ma'aikacin ya ce, "Baba, ai nufinsa mai sauƙi ne." Dattijon ya ce, "To, madalla," ya yi shiru. Na lura kuwa ba a amsa masa tambayarsa ba, kuma ko shakka babu da yawa daga cikin mutanen nan sun koma gida da zaton abin da aka kira mai sauƙi ba a matsa wa kowa a kansa.

Tun daga ranar nan kalmar ta tsaya mini a rai. Laifin ba na yaron ba ne shi kaɗai, domin abin da aka koya mana ke nan dukanmu tun muna firamare. Malam ya ɗauko auduga a hannu ɗaya, dutse a ɗaya hannun, ya ce wannan "soft", wannan "hard", mu kuwa mu amsa da ƙarfi. Daga nan kalmar ta zauna mana a ka da ma'ana guda, watau abin da in ka danna shi da yatsa zai lotsa. Alhali kuwa in aka bi sawunta har inda ta fito, za a tarar wannan ma'ana daga baya ta samu. Akwai wadda ta girme ta, ita ce kuwa ta haifi bashin da aka karanta wa manoman Kalgo.

GADON MALAMAN GWANDU

Bin asalin kalma ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Kalgo tana ƙarƙashin masarautar Gwandu, a garin Gwandu kuwa, gabas da Birnin Kebbi, nan hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka ba riƙon yammacin daula, ya kuma rasu a 1829, Allah Ya ji ƙansa. Jama'a sun fi saninsa da jarumtaka da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, amma almajiran ilmi sun san shi da wani abu kuma. Gwani ne a fannin harshe. Ya wallafa Al-Bahrul Muhit a kan nahawu, ya wallafa Al-Hisnur Rasin a kan sarfu, dukansu a waƙe.

Shi sarfu, ga waɗanda ba su zauna zaure ba, fanni ne da ke koya wa ɗalibi ya tuɓe wa kalma duk tufafin da aka sa mata, ya mai da ita ga tushenta, wanda galibi haruffa uku ne. In ya kama tushen, sai ya ga kalmomi goma da yake zaton ba su haɗa kome ba ashe 'yan ɗaki ɗaya ne. Wanda ya san cewa katibi da kitabu da maktaba daga tushe ɗaya suke, ba zai ɓata a cikinsu ba.

Turawa ba su kama wannan hanya sosai a kan harsunansu ba sai wajen zamanin Malam Abdullahi. A 1786 ne wani alƙali Bature mai suna William Jones ya yi jawabi a Kalkata ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa Sanskirit, tsohon harshen malaman Indiya, da Girkanci da Latin sun yi kama da juna fiye da yadda za a ce katari ne, tilas uwarsu ɗaya. Masana suka bi wannan sawu shekara da shekaru. Babban ƙamus na Oxford, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928, a kan wannan tsari aka gina shi: kowace kalma a bi ta tun daga inda aka fara ganinta a rubuce. Da irin wannan aiki ne muka san tarihin kalmar da ta tsai da yaron nan a gindin tsamiya.

INDA KALMAR TA FITO

Kalmar "soft" ba aro ba ce a Ingilishi, gadon gida ce. Kakannin Ingilishi sun ƙetara teku da ita a ƙarni na 5, sa'ad da suka taso daga gaɓar arewacin Jamus da Denmak suka mamaye tsibirin Birtaniya. A tsofaffin rubuce-rubucensu, fiye da shekara dubu da suka wuce, ana samun ta da siga biyu, "sefte" da "softe", ma'anarta kuwa ita ce abin da ya yi wa mutum daɗi, wanda bai takura shi ba, mai natsuwa. Barci mai daɗi, iska marar ƙarfi, shugaba marar tsanani, rayuwa marar wahala, duk da wannan kalma ake siffanta su. Sai wajen shekarar 1200 ne aka fara yawan jingina ta ga abin da hannu ke taɓawa, kamar tufa da kakin zuma da ƙasa mai danshi.

In aka ƙara komawa baya, sai a tarar kalmar tana da wani harafi a tsakiya wanda ya ɓace. Masana sun gano tsohuwar sigarta tana da "m", kamar a ce "samft". Shaidar tana nan a bakin maƙwabta, domin har yau Jamusawa suna cewa "sanft" ga abu mai natsuwa ko mutum mai sanyin hali. Mutanen Holan kuwa suna cewa "zacht". Na tuna a nan da Heinrich Barth, Bajamushen nan matafiyi da ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, ya kuma samu littafin Tarihus Sudan a garin ya kwafi abin da ya iya. Ingila ce ta aiko shi, amma kalmar da ya sha a nono "sanft" ce, 'yar'uwar "soft" ta jini.

Ta ƙaƙa harafin ya ɓace? Kakannin Ingilishi suna da wata ɗabi'a, in harafin hanci, watau "m" ko "n", ya zo kafin "f" ko "s" ko "th", sai su haɗiye shi su ja wasalin da ke gabansa. Don haka inda Bajamushe ya ce "fünf", watau biyar, Baturen Ingila ya ce "five". Inda ya ce "Gans", watau dinya, wancan ya ce "goose". Inda ya ce "uns", wancan ya ce "us". Doka ce guda ta bi su duka.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wani abin al'ajabi ne na Turai. Muna da irinsa a gida, kuma mutumin Kalgo da na Gwandu su ne shaidu. A nan yamma ana cewa zamna, a Kano a ce zauna. Nan ana cewa sabka, can a ce sauka. Nan amre, can aure. Nan abduga, can auduga. Hausar gabas ta narkar da harafin leɓe in ya zo ƙarshen gaɓa, ta mai da shi "u", Hausar yamma kuwa ta riƙe shi yadda kakanni suka bar shi. Wani masani Bajamushe, August Klingenheben, shi ya tsara wannan doka a rubuce wajen 1928, har yau da sunansa ake kiranta a jami'o'i. Ashe dattijon nan da ya ce tabshi ba kuskure ya yi ba. Tsohuwar kalmar ce a bakinsa, mu masu rubuta taushi mu ne muka bi sabon yayi. Yadda tabshi take ga taushi, haka "sanft" take ga "soft".

Saura mataki ɗaya. Ita "samft" ɗin daga wani tushe ta tsiro wanda masana ke rubutawa "sem", ma'anarsa ɗaya, ko tare, ko daidai. Daga wannan tushe ne Ingilishi ya samu "same", watau iri ɗaya, da "seem", wadda asalinta dacewa take nufi. Daga gare shi Latin ya samu "similis", mai kama, Sanskirit kuma ya samu "sama", watau daidai. Tafiyar ma'anar ke nan a fili: abin da ya zo daidai da kai shi ne ya dace da kai, abin da ya dace da kai shi ne ba ya takura ka, abin da ba ya takura ka shi ne mai daɗin zama da taɓawa. Takalmin da ya zo daidai ƙafa ba ya cizo. Lotsawa a ƙarƙashin yatsa ita ce zangon ƙarshe na wannan tafiya, ba mafarinta ba.

'Yan makarantar da ke karanta wasannin Shakespeare don jarrabawa za su amfana da wannan. Sau da yawa a wasanninsa mutum yakan furta kalmar ita kaɗai, kamar umurni. Ba auduga yake nufi ba. Cewa yake yi dakata, ko yi sannu, ko saurara.

Abin da ya fi burge ni shi ne Larabci ma ya bi wannan hanya, ba tare da ya haɗa dangi da Ingilishi ba. Balarabe yana kiran gari mai laushi ko tufa mai santsi "na'im". Tushen kalmar haruffa uku ne, nun da ain da mim, kuma daga wannan tushe ne muka ari ni'ima, muka kuma ari na'am, wadda yaro ke amsa kiran mahaifinsa da ita. Laushi da jin daɗi da amincewa a ɗaki ɗaya suka kwana. Da an kai wannan tambaya zauren wani malamin sarfu a Gwandu, da bai ɗauki lokaci ba wajen warware ta.

LAUSHI, TAUSHI DA KAUSHI

Mu dawo ga namu harshe. Inda Ingilishi ya ɗora kaya da yawa a kan kalma guda, Hausa rarraba kayan ta yi.

Laushi ya fi zama ga abin da aka daka ko aka niƙa ko aka saƙa da kyau. Gari yakan yi laushi, yashin gulbi yana da laushi, haka yadi mai kyau. Taushi kuwa ya fi zama ga abin da ke ba da kai in an danna ko an tauna, kamar nama da katifa da gwanda nunanniya. Mutane sukan musanya su, ba kuwa laifi, amma uwargida a madafa ta san bambancinsu. In ta ce gari ya daku luƙwi, laushi take nufi. In ta ce nama ya dahu luguf, ko ya yi tuɓus, taushi take nufi. Ga kuma kaushi can gefe, kishiyar laushi, wadda harafi ɗaya ne kawai ya raba su. Tauri shi ne kishiyar taushi. Santsi kuwa gidansa dabam, domin kwalba tana da santsi amma ba ta da taushi ko kaɗan.

Waɗannan kalmomi suna cikin wani dangi da F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan, ya yi wa nazari a 1955, watau sunayen abubuwan da jiki ke ji: zafi, sanyi, nauyi, kauri, zurfi, faɗi, ɗaci, zaƙi, ƙarfi da sauransu. Dukansu da wasalin "i" suke ƙarewa, kuma haihuwa iri ɗaya suke yi. Daga zafi a samu zazzafa da zafafa, daga ƙarfi a samu ƙaƙƙarfa da ƙarfafa, daga taushi a samu tattausa da tausasa, daga laushi a samu lallausa da lausasa. Sarfu ke nan tsantsa, na Hausa, wanda kowane yaro ke aiki da shi bai san sunansa ba.

Wanda yake son ya ga taushi da idonsa ya tafi majema. Ƙasar Sakkwato da Kabi da Maraɗi ita ce gidan jar akuya, wadda fatarta ta yi suna a duniya. Ɗanyar fata in ta bushe sai ta ƙage kamar faranti, ba ta lanƙwasuwa sai dai ta tsage. Majemi zai jiƙa ta a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya wanke, ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa ta yi kwanaki, sa'an nan ya shafa mata mai, ya yi ta murza yana ja har ta ba da kai. In ja ake so, a rina ta da karan dafi. Daga nan sai hannun baduku. Ayarin raƙuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna ƙetara Sahara da wannan fata zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka haɗa ta da sauran fatun da ake kira da sunan ƙasar Maroko, aka yi bangon manyan littattafai da ita. Aikin namu, sunan na wani.

Ita irin wannan fata, Bature ba "soft" kaɗai yake ce mata ba, yakan ce "supple", watau mai lanƙwasuwa ba ta karye ba. Wannan kalma aro ce daga Faransanci, cikin dubban kalmomin da suka shiga Ingilishi bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Asalinta a Latin kuwa "supplex" ne, mutumin da ya durƙusa yana roƙo. Watau gwiwar mai neman afuwa ce aka ara aka ba fata. Hausa ma ta san wannan gefe na laushi. In aka ce abokin gaba ya yi laushi, an karya lagonsa ke nan. In aka ce jikin wane ya yi laushi, ciwo ya ci ƙarfinsa. Majema kuwa su suka ba mu karin maganar nan da ke cewa inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima, wadda ake yi wa mutumin da aka raina saboda haƙurinsa.

A nan ne nake ganin tarkon yake. A Hausa laushi yana ɗauke da warin rauni da ba da kai. Don haka in ka ce wa Bahaushe bashi mai laushi, abin da kunnensa zai ji shi ne bashin da ba shi da ƙashi, wanda in an danna zai lotsa.

KALMAR A OFIS DA AJI

Ma'aikacin gwamnati yana gamuwa da wannan kalma kullum, kuma da wuya a samu wuri biyu da fassara ɗaya za ta yi musu. "Soft drink" ba abin sha mai laushi ba ne, lemon kwalba ne, an kira shi haka don a bambanta shi da barasa, wadda suke siffantawa da tauri. "Soft water" ruwa ne da sabulu ke kumfa a cikinsa ba wahala, saboda ba shi da yawan narkakken farar ƙasa. "Soft copy", wadda magatakarda ke nema a kowane ofis, takarda ce da ke cikin kwamfuta ba a buga ta ba tukuna. "Software", wadda ake danganta fara buga ta ga masanin lissafi John Tukey a 1958, mun riga mun yi mata suna mai kyau, manhaja. "Soft power" kuwa, wadda Joseph Nye na Jami'ar Harvard ya yayata a 1990, ita ce iyawar ƙasa ta jawo waɗansu su bi ta don sha'awa, ba don tsoron bindiga ba. Murya in ta zama "soft" ƙasa-ƙasa ce, haske in ya zama haka bai kashe ido ba ne. A cikin duk waɗannan babu wanda yatsa zai lotsa. Tsohuwar ma'anar ce ke aiki, watau abin da bai tsananta ba.

A ajin kimiyya ne kaɗai aka ɗaure kalmar da igiya. A 1812 wani masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai 10 bisa ƙa'ida guda: wanda ya karce ɗan'uwansa shi ya fi tauri. Dutsen da ake yin hoda da shi yana lamba 1, daimon yana lamba 10, farcen mutum yana tsakanin 2 da 3. A wannan fage in an ce dutse "soft" ne, ana nufin yana karzuwa, ko da kuwa zai fasa kai in an jefa.

Bari in ƙara da wata da ke rikita sababbin ma'aikata. "Tender" da ake faɗa wa nama mai taushi ko jariri ɗanye daga kalmar Latin "tener" take. "Tender" ta neman kwangila kuwa daga wata kalma dabam take, "tendere", watau miƙa hannu, domin ɗan kwangila miƙo farashinsa yake yi. Rubutu ɗaya, iyaye biyu. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ba da kwangila ya san babu taushi a wurin.

KOMAWA GA BASHI

To, mene ne "soft loan"? Rance ne da aka sassauta sharuɗɗansa ta fuska uku: kuɗin ruwansa bai kai na kasuwa ba, wa'adin biyansa yana da tsawo, kuma sau da yawa akan ɗaga wa mai karɓa ƙafa na wani lokaci kafin ya fara biya. A 1960 Bankin Duniya ya kafa wani reshe musamman don ba ƙasashe matalauta irin wannan rance, mai wa'adin shekaru masu yawa da ruwa kaɗan ko babu. Amma ko a can, ƙasar da ta karɓi rance tana biya. Sassaucin yana ga hanyar biya, ba ga wajabcinsa ba.

Jihar Kebbi ta ga wannan al'amari da idonta. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jihar ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoma rance, wanda aka fara da manoman shinkafa da alkama. Tsarin shi ne a ba manomi iri da taki da magani da sauran kayan aiki bisa kuɗin ruwan da bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, in ya girbe ya biya da amfanin gona ta hannun masu injin casa. Noman shinkafa ya bunƙasa a fadamun jihar, har a 2016 Kebbi da Legas suka haɗa gwiwa suka fitar da shinkafa mai tambarin Lake Rice. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai kukan rashin biya ya cika ƙasa, ba a Kebbi kaɗai ba. Ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa a jihar, ta bar manoma da bashi ba amfanin gona. A 2023 sabon shugabancin Babban Bankin ya bayyana cewa zai janye hannu daga irin waɗannan shirye-shirye.

Ba ina cewa kalma ce ta hana biya ba. Ruwa ya yi nasa, tsadar man injin ban-ruwa ta yi nata, akwai kuma waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba suka shiga layi. Amma ina da yaƙinin cewa harshen da ake sanar da irin waɗannan abubuwa da shi yana da nasa kason. Mu duba yadda kalmar tallafi ta zama buhun da ake zuba kome a ciki. Kyautar da ba a biya, tallafi. Rangwamen farashin taki, tallafi. Rancen da za a biya da ruwa, shi ma tallafi. Turanci ya ba waɗannan abubuwa uku sunaye uku, mu da harshenmu ya iya raba laushi da taushi sai muka cure su wuri ɗaya. Mai jawabi yana jin nauyin ya ce bashi a gaban jama'a, sai ya nemi kalma mai daɗin ji. Manomi kuwa abin da ya ji shi zai riƙe. Ranar da ma'aikaci ya dawo da takardar neman biya, shi ne zai zama maƙaryaci a idon gari, ko da ba shi ya tsara jawabin ba.

Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta na dindindin yake a ƙasar Kalgo, wannan aiki ne da ke bakin ƙofarsu. Su ne gobe za a miƙa wa takarda a ce su juya wa iyayensu. Shawarata ga duk wanda aka ba wannan aiki ita ce ya bar laushi a madafa da majema, kada kuma ya tsaya ga sauƙi kaɗai, domin sauƙi kalma ce mai faɗi, kowa da inda zai ja ta. Ya ce rance ne mai sassaucin sharuɗɗa, ya fara da kalmar rance, ya kuma maimaita ta. Sa'an nan ya faɗi abubuwa uku da bakinsa, ko da takardar ta ɓoye su a shafi na ƙarshe: nawa za a ba mutum, nawa zai mayar, kuma a wane wata. In akwai abin da aka tanada domin ranar da ruwa ya ci gona, ya faɗa. In babu, ya ce babu.

Dattijon nan na gindin tsamiya tambaya ɗaya ya yi, amsarta kuwa kalma biyu ce a harshensa: ana biyanai.